Simintin da Ya Bushe a Rijiyar Buba

Buba, Hadiza da Ummi, kun taso kun tarar ni da baffanku Alhaji Garba muna gari ɗaya amma ba ma shiga gidan juna. Shi yana GRA, mu muna Moduganari, tafiyar da keke yake yi kafin shayi ya huce. Na san abin da ake faɗa muku a gidajen biki, wai babanku ya shiga makarantar manya da furfura a gemu, ya koyi rubutu, kuma aikin farko da ya yi da shi shi ne goge sunan kakansa daga garin da kakan ya kafa. Ban taɓa tsayawa musu da kowa a kan wannan ba. Amma tunda Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro, zan rubuta muku yadda aka yi, a hankali, kamar yadda nake yin komai.

Garinmu na asali sunansa Rijiyar Buba. Yana can arewa, bayan Gubio, inda bishiyoyi suke ƙarewa rairayi ya karɓi ƙasa har iyakar Nijar. Kakana Malam Buba ne ya sauka a wurin da shanunsa lokacin babu kowa sai gada da iska. A can aka haife ni. Abin da nake iya tunawa kaɗan ne: bukkoki, turken shanu, rijiya mai baki da aka ɗaure da itace, da wata aduwa guda ɗaya a gabas da rijiyar. Aduwar nan ba a sare ta, ba a ɗaure dabba a jikinta, ba a tsinkar 'ya'yanta. Na taɓa tsinka ina ƙarami, Baba, wato kakanku Malam Sule, ya zane ni da igiyar guga, mutumin da ko tsawa ba ya yi. Da na tambayi Inna dalili, ta ce in rufe bakina in sha fura. Daga baya fari ya zo ya kwashe shanun, muka taso Maiduguri. Baba ya zama dillali a kasuwar shanu, ni na bi shi, Yaya Garba kuwa aka sa shi boko saboda shi ne babba kuma kansa yana ja. 'Yan uwan da suka rage a can su ma rikicin nan ya koro su. Gari ya zama kufai.

Shekarar da nake ba ku labarinta ita ce shekarar da aka fara buɗe hanyar arewa, motoci suna bi cikin ayari da rakiyar sojoji. A shekarar ce kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a wata firamare kusa da mu. Muna zama a kan bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Malamarmu, Malama Yagana, ba ta kai sa'ar ƙanwata ba, amma in ta ce a sake layi sai an sake. Ni ne na baya a aji. Kafin in gama harafi ɗaya abokan zamana sun gama kalma. Ban damu ba, wanda ya yi kiwo ya saba jiran saniya ta gama shan ruwa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya zo gidanmu, domin Baba a wurina yake zaune. Ya gaishe shi, ya zauna a bakin tabarma, ya ce ya ji za a fara mayar da mutane garuruwansu, za a kuma naɗa sababbin bulamai, wato masu gari. Wanda bai nuna shaidar cewa wurin na iyayensa ne ba, wani zai zauna a kai. Ya ce a wasu tsofaffin garuruwa an fara kafa alama, ana rubuta sunan wanda ya fara sauka. Shi ma yana so a kafa wa Rijiyar Buba tata. Ba allon ƙarfe ba, don 'yan jari-bola za su cire shi kafin mako, ba kuma fenti ba, don iska da rairayi suna lashe shi. Ginshiƙi za a yi na bulo, a shafe fuskarsa da siminti, a zana rubutun da ƙusa tun yana ɗanye.

"Ni ciwon sukari ba zai bar ni in yi wannan hanyar ba," in ji shi. "Ga ɗan firamare mai gemu, sai ya je ya nuna mana abin da Malama ta koya masa."

"Yaya, rubutuna kamar tafiyar hawainiya yake."

"Layi biyu ne kawai, Audu. Nan Malam Buba ya haƙa rijiya ya kafa gari. In ka kasa wannan, ka dawo wa Malama da bencinta."

Muka yi dariya har da mahaifiyarku daga bakin murhu. Baba ne kaɗai bai yi ba. Yana jan carbinsa, idanunsa da suka yi yana suna kallon bango. Can ya ce da shi za a je. Yaya ya ce hanya ba ta da kyau, jikinsa ba zai ɗauka ba.

"To waye cikinku zai gane wurin?" in ji Baba. "Kai da ka bar can kana cin majina, ko wannan?"

Gaskiya ya faɗa, aka tsaya a kan da shi za a je.

Na kai wa Malama Yagana maganar. Ta ce rubutu a takarda daban, a siminti daban. Ta sa na kwaɓa laka a tsohon faranti, ina zana kalmomin da ƙusa, in shafe in sake. Makonni ina yi a tsakar gida. Ke Hadiza kina iya tunawa, ke kike riƙe mini farantin kina gyara mini inda na juya harafi baya. Mahaifiyarku kuwa hankalinta ba a kan rubutun yake ba.

"Malam, tsohon nan ba ya cin abinci tun ranar da aka yi maganar tafiyar nan," ta ce da ni. "Akwai abin da ke cinsa. Ka tambaye shi."

Na tambaye shi. Ya ce in bari sai mun isa.

Mun tashi da sassafe a bayan a-kori-kura, da bulo da buhun siminti da jarkokin ruwa, da wani birkila Babarbare mai suna Ba Modu, mutum mai yawan raha wanda ke kiran kowa maigida. Baba yana gaba kusa da direba. Hanyar ba ta da abin kallo sai abin baƙin ciki. Garuruwan da na sani da kasuwa da kiran salla sun zama bango marasa rufi, an cire ƙofofi, an cire kwano, ciyawa ta fito a cikin masallatai. Ba Modu ya yi ta ba'a har muka wuce wani gari, sai ya bar ba'ar. Daga baya ya ce nan ne garin matarsa. A hanya motar ta yi zafi, direba ya juye mata jarka guda daga cikin ruwanmu. Da muka kai inda za mu rabu da ayari mu shiga rairayi, sojan da ke kula da shingen ya ce ayari zai juyo kafin la'asar, wanda bai fito ba ya san inda zai kwana.

Da direba ya tsaya ya ce mun iso, na ɗauka wasa yake yi. Babu bukka, babu turke, babu rijiya. Tudun rairayi ya taso daga arewa ya kwanta a kan garin gaba ɗaya, fari fat, iska tana zana layi a bayansa. Na tsaya ina juyawa ina neman abu ɗaya da zan ce na sani, ban samu ba. Baba ya ce in riƙe hannunsa in fuskantar da shi gabas. Muka yi ta tafiya a gefen tudun, ƙafarsa tana nutsewa, yana tsayawa yana numfashi. Ya ce in nemi aduwa. Na ce babu bishiya ko ɗaya, masu gawayi sun gama da su. Ya ce to in nemi kututture. A can gefe, inda rairayin bai gama rufewa ba, na ga wani baƙin kututture da sawun gatari a kansa. Baba ya durƙusa ya shafa shi da hannu biyu, kamar mai shafa fuskar ɗan da ya daɗe bai gani ba.

"Sun sare ta," ya ce. "To. Nan ne. A yi ginin a gefe, kada a taka nan."

Ba Modu ya sauke kaya ya fara aiki. Hannunsa da sauri, kafin rana ta take ginshiƙi ya kai ƙirjina. Ni da Baba muka zauna a inuwar mota. A nan ya faɗa mini abin da ya riƙe tun yana saurayi.

Ya ce lokacin da Kaka ya sauka a wurin, bai iya haƙar rijiya ba, makiyayi ne. A rairayi kuwa ba a haƙa kamar yadda ake yi a ƙasa mai tauri. Kowane kamu da aka sauka sai an ɗaure bango da itace, a cusa ciyawa a bayansa, in ba haka ba ƙasa ta zubo. Sai ga wani baƙo ya biyo hanya da dagi da ƙwarya a kafaɗa, sana'arsa ke nan, yana bin makiyaya yana haƙa musu ruwa. Sunansa Fannami. Aka yi da shi za a ba shi karsana in ruwa ya fito. Shi yana ciki yana haƙa, Kaka da Baba suna sama suna jan guga. Itace ya ƙare musu ana dab da ruwa, ƙasar da ke fitowa a guga har ta fara danshi. Shanu kuwa sun kwana ba su sha ba, suna kuka a bakin ramin. Fannami ya ce saura kaɗan, bari ya sauka haka nan ba ɗauri. Babu wanda ya ce masa ya sauka, babu kuma wanda ya hana shi.

"Ni nake riƙe da igiyar," in ji Baba. "Na ji ya kira daga ƙasa ya ce ruwa. Sai na ji wata ƙara kamar an zazzage buhu. Na ja igiya, ta ƙi zuwa."

Sun yi ta tono da hannu da ƙwarya, abin da suka kwashe sai ninkinsa ya zubo. Da rana ta faɗi Kaka ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. A al'adar mutanen wajen, in rijiya ta rufta da mai haƙa, ba a sake buɗe ta, ta zama kabarinsa. Aka yi masa salla a bakin ramin, aka cike shi, aka dasa aduwa a kai don kada a manta a taka. Daga baya Kaka da Baba suka haƙa wata a yamma da ita, da irin ɗaurin da suka gani a hannun Fannami. Ita ce ta ba da ruwa, ita aka kira Rijiyar Buba, ita ce kuma yanzu take ƙarƙashin tudu inda babu mai iya nuna ta. Karsanar, Kaka ya ware ta, ta hayayyafa, yana jiran wani ya zo ya ce shi ɗan uwan Fannami ne. Babu wanda ya zo har fari ya cinye su tare da namu.

Ba Modu ya daina aiki yana saurare. Ya ce a yarensu Fannami ɗan Fanna ke nan. Na tambayi Baba ko ya san garinsa ko sunan ubansa. Ya ce babu wanda ya tambaye shi, ana jira sai ruwa ya fito a zauna a yi hira.

"Audu, in ka rubuta cewa nan Buba ya haƙa, ka kwanta wa mutumin nan a kan kabari da sunan wani. Ni kaɗai na rage da na san yana nan. Ka rubuta shi."

"Baba, Yaya fa? Shi ya aiko mu, kuma ka san abin da yake nema da ginin nan."

"Ka rubuta su duka. Amma wanda ke ƙasa shi ne farko."

Ba Modu ya share gumi da gefen hularsa ya ce, "Maigida, bari in faɗa maka tun yanzu. Ruwan da ya rage na shafe ɗaya ne. A ranar nan kuma siminti ba ya jiran mutum. Na ga rubutunka a faranti. Layi biyu za ka samu, in ka yi sa'a. Na ukun sai dai ka zana da haƙori."

Wannan ne nake so ku riƙe, don a nan ne masu ba da labarin suke karkacewa. Ba kuskure na yi ba, ba kuma tsautsayi ba ne. An faɗa mini, na ji, na gane. Kalmomin Yaya suna hannuna, na zana su a laka har ina iya yin su ido rufe, da na fara da su da na gama kafin simintin ya kama. Kalmomin Baba kuwa sababbi ne, sai na tsaya na haɗa kowane harafi a kaina. Na dubi tsohon yana zaune a rairayi, hannunsa ɗaya a kan kututture. Na tuna Yaya wanda ya biya mini kuɗin asibiti lokacin da wani bijimi ya take ni, wanda bai taɓa roƙona komai ba sai wannan. Ba Modu ya shafe fuskar ginshiƙin ya goge ta sumul, ya miƙo mini ƙusa.

Na fara da harafin farko na sunan baƙon. Gumi yana shiga idona. Baba yana tambaya, "Ka kai ina?" Ina faɗa masa. Na rubuta FANNAMI YANA KWANCE NAN. A ƙasa na rubuta SHI YA FARA HAƘA. Tun ina tsakiyar layi na biyu na ji ƙusar ta fara ƙara, siminti yana fari daga gefe yana biyo ni. Da na sauko layi na uku na danna da duk ƙarfina. Na samu sandar harafin farko na sunan Kaka da rabin cikinsa, sai ƙusar ta lanƙwashe. Na tofa yawu a wurin, na zuba ɗan ruwan da ke butar Baba, ban samu komai ba sai ƙarzane. Direba yana ta danna oda. Baba ya sa na kai hannunsa kan rubutun, ya bi ramin haruffan da yatsa, shi da bai san ko ɗaya a cikinsu ba. Ya yi addu'a, muka shafa. A hanyar dawowa ya ci gurasa da ruwa, abincin farko da na ga ya ci da marmari a makonnin nan.

Washegari na je GRA da kaina, ban bari ya ji a bakin wani ba. Dama Ba Modu ya ɗauki hoton ginin a wayarsa, na aro ta na nuna wa Yaya. Ya daɗe yana kallo. Na ba shi labarin tun daga farko, bai katse ni ba.

"Wato na sayi siminti, na ɗauki mota, ka je ka kafa wa wasu shaida," ya ce. "Gobe duk mai suna Fannami a ƙasar Barno zai zo ya ce garin kakansa ne. Ka kuma yi gini a kan kabari, abin da malamai suka hana."

"A gefe muka yi, Yaya. Baba ne ya ce."

"Baba ya tsufa. Kai ne mai ƙusa a hannu."

Wannan ma gaskiya ce. Na ce in an sake buɗe hanya zan koma da kuɗina in ƙara wani ginshiƙin. Ya ce kada in wahalar da kaina. Ya kira yaron gidansa ya ce a raka ni ƙofa, ni da nake shiga har ɗakin kwanansa ba sallama.

Hanyar ba ta daɗe ba aka sake rufe ta, bayan an tare wani ayari. Maganar mayar da mutane ta wannan yankin ta mutu, sarautar bulama da Yaya yake nema ba shi ba, ba kowa ba. Amma zuciyarsa ba ta sauko ba. Baba ya rasu da damina a ɗakin nan da kuke karatu yanzu. Kafin ya cika ya aika a kira Yaya, ya zo, suka yi magana su biyu, ban san me suka ce ba. A maƙabarta mun tsaya kafaɗa da kafaɗa, ni da shi muka saka Baba a rami. Da aka watse ya ba kowa hannu, ya zo kaina ya wuce. Ranar ɗaurin aurenki Hadiza, shi ya kamata ya zama waliyyi. Kin ga wanda ya zauna a wurinsa, kin kuma ga ban ɗaga kai ba har aka shafa fatiha. Ina zuwa gaishe shi duk bikin salla, a ce mini yana barci, in zauna a benci wurin maigadi gwargwadon abin da ya dace, in taso. Ban daina ba, ku ma kada ku daina. Ba mugu ba ne. Yana son kakansa ne, kuma ni na hana shi abin da ya roƙa.

Bara a kasuwar shanu wani direba ya sauke raƙuma daga arewa, ta wata hanyar daji da suke bi yanzu. Bai san ni ba. Muna shan shayi na tambaye shi ko yana bi ta Rijiyar Buba. Ya yi tunani ya girgiza kai, ya ce bai san wannan ba. Na kwatanta masa tudun da kututturen.

"Au, Fannami kake nufi," ya ce. "Kowa ya san Fannami, nan muke juyawa gabas. Akwai wani ɗan gini da rubutu kamar na yara. Rairayi ya kusa cinye shi, layin sama kaɗai ake gani."

Na tambaye shi ko ya san waye Fannamin. Ya ce oho, wataƙila wanda ya kafa garin ne. Na ajiye kofin, ban iya ƙarasa shayin ba.

To kun ji. Mutumin da ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa ba suna ya samu sunansa, Kaka kuma ya rasa garinsa a bakin mutane, kuma da hannuna aka yi duka biyun. Har yau in na zauna ban san ko da an sake miƙo mini ƙusar zan canza ba. Ina jin ba zan canza ba, kuma wannan bai taɓa sa na ji sauƙi ba. Lanƙwasasshiyar ƙusar tana cikin gwangwanin da nake ajiye biro. Buba, in Allah ya buɗe hanyar a zamaninka, ka tafi da ruwa mai yawa, ka tone rairayin har ƙasa. Za ka ga rabin harafi a layi na uku. Hannunka ya fi nawa sauri.